Mangwaro a Tsakar Gida, Ana Aiken Ƙamshinsa Daga Ingila

Saura mako uku in taso gida don in ƙarasa azumin 2024 in yi Sallah a Jos, 'yar yayata ta turo min wani bidiyo ta WhatsApp. Wata Ba'amurkiya ce a kicin ɗinta. Ta cika dogon kofin gilas da ƙanƙara, ta matso wani ruwa rawaya daga kwalba mai famfo a ka, ta bi shi da lemo mai gas, sannan ta tsiyaya farin kirim a sama, yana sauka cikin kofin a hankali kamar hazon safiya a kan duwatsun Shere. A ƙasan bidiyon yarinyar ta rubuto: "Anti, don Allah in za ki taho ki sayo mana irin wannan ruwan mangwaron na kwalba, da na kwakwa. Da shi nake so mu riƙa buɗa baki."

Na daɗe riƙe da wayar. A tsakar gidan da ta zauna ta rubuto wannan saƙon, a Unguwar Rogo, akwai bishiyar mangwaro da marigayi mahaifinmu ya dasa tun kafin a yi auren uwarta. Duk shekara in zafi ya shigo sai ta yi 'ya'yan da gidan ba ya iya shanyewa. A ba maƙwabta, a ba almajirai, sauran su faɗo su fashe, ƙudaje su taru, da safe a share a zubar. Ni kuma shekarata tara a Leeds, a arewacin Ingila, ina biyan kuɗi mai zafi don in sami mangwaron da ko rabin ƙamshin wancan bai kai ba. Sai ga shi daga gindin bishiyar ake aike na in sayo ƙamshin mangwaro a kwalba.

Na je shago na ɗauki kwalbar na juya bayanta, don kada in yanke hukunci da ka. Sukari, ruwa, sinadarin ɗanɗano, kala, da maganin hana lalacewa. Na mayar da ita inda take. Na ce wa yarinyar ta yi haƙuri in iso, za mu haɗa wanda ya fi shi. Ba ta ji daɗi ba, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ta gani a waya yana da kyau a ido, kuma tun tana ƙarama take ganin mangwaron gidan ana share shi da tsintsiya. Wa zai ɗauka abin da ake sharewa da safe shi ne abin da wasu ke nema da fam?

Ni dai abin da zama a ƙasashen biyu ya koya min game da wannan abin sha shi ne, ɗan itacen shi ne komai. Gas da kirim da ƙanƙara 'yan rakiya ne. Mu da ke nan muna da 'yan rakiyar a araha amma babu ango. Ku da ke Jos angon yana zaune a tsakar gidanku.

Shi wannan salon na zuba kirim a lemo mai gas, wanda Turawa ke kira dirty soda, ya yi ƙarfi ne daga jihar Utah ta Amurka. Shagon Swig da aka buɗe a garin St. George a 2010 shi aka fi dangantawa da yaɗuwarsa, daga baya TikTok ya kai shi ko'ina. Dalilin da ya sa ya kama a can ya ba ni sha'awa. Da yawa daga cikin mutanen Utah mabiya cocin Mormon ne, kuma addininsu ya hana su giya, ya hana su kofi da shayi. Mutanen da ba sa shan giya ne suke neman abin da za su riƙe a hannu ranar farin ciki, wanda ya ɗan fi ruwa armashi. Wannan buƙatar mun san ta, mun kuma daɗe da biyan ta da zobo da kunun aya da lamurje da ruwan tsamiya. Ko madara da gas ɗin ma ba Amurkawa suka fara haɗa su ba. Maƙwabciyata a unguwar Harehills da ke Leeds, 'yar asalin Pakistan, a azumina na farko a unguwar ta aiko min da jug na abin da suke kira dud soda: madara mai sanyi ƙarara da farin lemo mai gas. Ta ce tun tana yarinya a Punjab da shi suke buɗa baki. A shekarun da azumi ya faɗo a tsakiyar bazarar Ingila muna kai fiye da awa 18 ba ci ba sha, kuma ba zan manta yadda kofin farko ya sauka ba.

Gas ɗin kansa kuwa, garin da nake zaune yana da babban matsayi a tarihin sa shi a ruwa da hannun mutum. Masanin kimiyya Joseph Priestley, wanda mutum-mutuminsa ke tsaye a dandalin tsakiyar Leeds, yana zaune ne kusa da wani gidan da ake dafa giya. A 1767 ya rataya kwanon ruwa a saman tukunyar da ke tsimuwa, iskar da ke tashi daga ciki ta shiga ruwan, ya sha ya ji yana tsatstsafa a harshe. Ya buga bayanin yadda ake yi a 1772, sannan Jacob Schweppe ya mayar da abin sana'a a Geneva a 1783. Ina wucewa ta gaban mutum-mutumin nan sau da yawa, kuma ruwan soda zalla, wanda babu sukari babu kala, yana cikin abubuwan da suka fi araha a kantunan garin. Babbar gora mai lita 2 ba ta kai kuɗin mangwaro ɗaya ba.

Kirim ma haka. Akwai mai sauƙi wanda maiƙonsa yake wajen kashi 18 cikin 100, akwai mai kauri wanda ya kai kashi 48. Firij ba ya mutuwa. Ƙanƙara kullum tana nan. In kayan aiki ne ke yin abin sha, da a Leeds za a sha wanda ya fi ko'ina daɗi.

Amma ku zo mu yanka mangwaron babban kanti. Daga waje ja ne da kore, sumul, babu tabo ko ɗaya. Ka kai shi hanci ba ka jin komai. Ka yanka, cikin fari-fari ne, yana ƙaras-ƙaras kamar ɗanyen dankali, ko kuma ya yi laushi ba tare da ya yi zaƙi ba. Yawancinsu daga Burazil da Peru suke, wani lokacin na shekara kuma daga Kwaddibuwa da Senegal. Tun suna ɗanye ake tsinke su don su jure makonni a cikin jirgin ruwa a kwantena mai sanyi, kuma irin da ake zaɓa don wannan tafiyar an zaɓe su ne saboda juriya da kyan fata. Mangwaro yana ci gaba da nuna bayan an tsinke shi, gaskiya ne, amma wanda aka raba da uwarsa da wuri ba ya taɓa kamo wanda ya nuna a reshe. Abarba ma ta fi muni, domin ita da zarar an sare ta zaƙinta ya tsaya ke nan. Ko ka ajiye ta mako guda sai dai ta yi laushi ta fara tsami. Yawancin wadda muke samu daga Kosta Rika take zuwa.

Sau ɗaya a shekara muke shaƙatawa. Daga wajen watan Yuni zuwa Agusta mangwaron Pakistan, chaunsa da sindhri, yana isowa ta jirgin sama a ƙananan kwalaye, shagunan Harehills da na Bradford su jera su a bakin ƙofa. Tun daga nesa za ka ji ƙamshin, kuma ranar da na fara jin sa sai da idona ya kawo ruwa, don tsakar gidanmu ya tuna min. Makonni kaɗan ne ya wuce. Sauran shekara gwangwanin markaɗaɗɗen mangwaro na Indiya mai giram 850 nake saya, wanda galibi an riga an ƙara masa sukari. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noman mangwaro da abarba a Afirka, amma a shekara tara ban taɓa ɗaukar gwangwani irin wannan na ga an rubuta daga gida ya zo ba. Wannan yana ci min rai fiye da yadda zan iya faɗa.

To ga Jos. Na sauka a ƙarshen Maris, mangwaro ya cika gari. Binta suga, paparanda, da ƙananan nan masu zare da muke tsotsa muna yara har ruwan ya gangaro mana gwiwar hannu. Na Binuwai yana shigowa mota-mota. Abarba da kwakwa suna hawowa daga kudu, lemu daga Gboko da kewayenta, ɗanyar citta daga kudancin Kaduna wadda ba ta da nisa. Sannan akwai abin da tudun Jos ya keɓanta da shi. Garin yana kan tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin nan ne ya sa ake noman sitiroberi a Chaha kusa da Vom, mata suna tallarsa a ƙananan robobi a bakin titi lokacin rani. Fiya tana nan, gwaba tana nan. Nono da kindirmo kuwa, ƙasar shanu ce. Ba banza aka kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom tun 1924 ba. Ranar da na raka Yaya cefane ta hanyar Farin Gada, na tsaya gaban wata mai tallar mangwaro na ɗauki ɗaya na shinshina, na kasa ajiyewa. Yaya ta ce, "Ke, mutane na kallonki." Na ce su kalla.

Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Ba zagi nake ba, don ni ma da ina gida haka nake. Sai da na bar shi na san abin da na bari.

Yanzu ga inda ake samun matsala wajen haɗawa, kuma a nan na fi so a saurare ni, don yawancin waɗanda suka gwada sau ɗaya suka daina a nan suka faɗi. Ni ma karon farko da na gwada a Leeds, na markaɗa ɗanyar abarba da madarar ruwa, na sa a firij in jira magariba. Da na buɗe, madarar ta tsinke, gudaji a sama ruwa a ƙasa, kuma da na ɗanɗana sai ɗaci. Na zubar da jug guda a ranar da nake da baƙi.

Da nake ba Hajiyarmu labarin, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce, "'Yar nan, ai awara kika yi. Me ake zuba wa ruwan waken suya ya dunƙule in ba ruwan tsami ba?" Gaskiyarta. A ma'aunin tsami da masana ke amfani da shi, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, madara tana wajen 6.7, kuma da zarar ta sauko kusa da 4.6 sinadarin gina jikin da ke cikinta sai ya dunƙule. Ruwan abarba yana wajen 3.5, lemun tsami kuwa wajen 2. Ɗacin kuma wani abu ne daban. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari mai suna bromelain da ke yanyanka sinadarin gina jiki, shi ya sa take tausasa nama, shi ya sa kuma take yi wa mutum ƙaiƙayi a harshe in ya sha da yawa. In ta zauna da madara sai ta yanyanka ta har ta yi ɗaci. Gwanda ma tana da irin nata. Hajiya ta ƙara da cewa ai Fulani da tumfafiya suke kama madara in za su yi cuku, kuma wannan ma aikin irin wannan sinadarin ne. Abin da na sha wuya kafin in gane, ita ta san shi tun kafin a haife ni, sunayen ne kawai ba ta damu da su ba.

Maganinsa wuta. Zafi yana kashe sinadarin, shi ya sa abarbar gwangwani ba ta yin wannan ɓarnar. Ga yadda muka yi a gida ranar, ni da 'yar yayata, bayan la'asar. Muka fere rabin abarba muka yanka ƙanana, muka zuba a tukunya da ɗan ruwa kamar rabin kofi da ɗanyar citta girman babban yatsa, muka bar ta ta tafasa minti biyar zuwa bakwai, muka sauke ta huce sarai. Bawon bai tafi a banza ba, Yaya ta wanke shi ta jefa a tukunyar zobo. Muka tsinko mangwaro uku manya waɗanda suka nuna har suna lotsawa in an danna, muka yanke naman. Muka haɗa da abarbar a bilenda muka markaɗa, muka tace da rariya saboda zare. Abin da ya fito kauri gare shi kamar kunun gyaɗa mai kyau. Sukari ko cokali ɗaya ba mu sa ba. Na ce ta ɗanɗana da harshenta bayan an sha ruwa kafin ta yanke hukunci.

Wajen abin da zai ba shi maiƙo, mun gwada uku a kwana uku. Madarar ruwa ta gwangwani ta yi, in dai komai da sanyi kuma a take za a sha, domin sanyi yana jinkirta tsinkewa. Madarar kwakwa ta fi dacewa da abarba. Ana markaɗa kwakwar da ruwan ɗumi a tace da ƙyalle, kamar dai yadda ake wa aya, sai dai manta yana daskarewa in ya ji sanyi, don haka gara a haɗa ta da markaɗen 'ya'yan itacen a bilenda tukuna kafin ta ga ƙanƙara. Amma wanda ya yi nasara a gidanmu, ba tare da gardama ba, kindirmo ne. Shi ya riga ya kama tun a ƙwarya, tsami ba baƙonsa ba ne, don haka in an buga shi ya yi sumul aka haɗa da mangwaro ba ya rabuwa. Ɗan tsaminsa kuma yana yanke zaƙin mangwaron yadda kirim ɗin Turawa ba ya iyawa. Na dawo Leeds na gwada da yogot iri-iri, akwai masu kyau, amma babu mai ƙamshin ƙwarya da hayaƙin nan. Abu ɗaya kawai: a sayi kindirmon a wurin wadda aka sani tana dafa madararta sosai kafin ta kwantar, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da cututtukan shanu da ke kama mutum, har da tarin fuka.

Sodar ita ce ƙarshe, kuma kada ta kusanci bilenda. A sa markaɗen da kindirmon ya kai kashi ɗaya cikin uku na kofi, a karkata kofin, a tsiyaya sodar a jikinsa a hankali, a juya sau ɗaya da dogon cokali daga ƙasa zuwa sama. Dole ta kasance da sanyi sosai, don gas ya fi zama a ruwan sanyi. Mai ɗumi kana buɗewa rabin ƙarfinta ya tafi, tana haɗuwa da kaurin mangwaro kuma sai kumfa ta yi ambaliya. Ba abin da za a haɗa da rana a ajiye ba ne. Markaɗen ne ake ajiyewa, sodar sai an ji kiran salla.

A nan ne Leeds ta fi Jos, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu a cikin ukun nan babu wuta tun safe. Ƙanƙarar da aka sayo a unguwa ba mu san da wane ruwa aka yi ta ba, don haka ba mu sa ta a kofi ba, muka zuba ta a kula muka binne kwalaben soda da robar markaɗen a ciki. Ranar da aka kawo wuta da dare kuma muka yanka mangwaro muka daskarar da shi a leda, washegari shi ya zama ƙanƙarar, bai kuma tsinka abin shan ba. Sannan soda zalla ba a kowane shagon unguwa ake samunta ba, sai an shiga gari, alhali lemo mai zaƙi yana kowace kwana. Wannan ne ke sa mutane su zuba farin lemo mai sukari a kan mangwaron da ya riga ya yi zaƙi, wasu ma su ƙara da madara mai kauri ta gwangwani wadda fiye da rabinta sukari ne.

Kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurina, domin Hajiya tana da ciwon suga, ƙanen mahaifinmu ma shi ya kwantar da shi. Gwangwanin lemon kola na mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35 na sukari, ƙaramin cokali kusan tara ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2015 ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin mutum a rana, wato wajen giram 50 ga babba, in ma ya tsaya a 25 ya fi. Kuma ta lissafa ruwan 'ya'yan itace a cikin wannan sukarin, don haka nawa haɗin ma ba magani ba ne, kada wani ya ce na ce a sha jug guda. Birtaniya ta sa wa lemon kwalba harajin sukari a Afrilun 2018, kamfanoni da yawa suka rage sukarin da suke zubawa don su kauce masa. Najeriya ta sa naira 10 a kan kowace lita daga 2022. Ni dai harshena ya shaida bambancin: duk lokacin da na zo gida na kurɓi lemon kwalba sai in ji zaƙin ya yi min yawa, alhali da can ban taɓa lura ba. Wanda ya haɗa nasa a gida aƙalla hannunsa ne a kan cokalin. In mangwaron ya nuna, ba ya buƙatar komai. In kuma dole sai an ƙara, dabino biyu da aka jiƙa aka markaɗa tare sun wadatar.

Af, tunda ana maganar abin da ke cikin kofi: masu son chapman a wuraren biki su sani cewa ɗigon ruwan ɗacin nan na Angostura da ake sa masa yana da barasa kashi 44.7 cikin 100. Ɗigo kaɗan ne ake sawa, amma mutum yana da haƙƙin ya sani ya tambaya. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son abin da aka haɗa a gabana.

Inda muka yi gardama ta gaske da mutanen gida shi ne ranar Sallah. Na ce a haɗa wannan a ba baƙi. Yaya ta ce sam, katan-katan na lemo da malt za a sayo kamar kullum. Hajiya ce ta faɗi dalilin a fili: "Baƙo in kika ba shi kwalba a rufe, ya san abin da kika kashe masa, ya san ba a taɓa ba, in bai sha ba ya sa a jaka ya kai wa yara. In kika ba shi na jug, wani zai ce rowa ce, wani kuma ba ya shan abin gidan mutane." Na yi shiru, don duk abin da ta faɗa haka yake. Akwai kuma wahalar, wadda a kan mata take sauka. Mai azumin da ta wuni a kan murhu tana suyar ƙosai da dama kunu, in ka ce ta ƙara da fere abarba da wanke bilenda, ba ka kyauta mata ba, sai dai in samarin gidan za su karɓi wuƙar, kuma ban ga abin da zai hana su ba.

Amma duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba. Yaushe muka koma auna karamci da abin da kamfani ya rufe da marfi? Ina tuna lokacin da in baƙo ya zo gidan kakarmu, fura ake dama masa a ƙwarya da ludayi, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan rowa. A nan Ingila kuwa na ga abin ya juye. In an gayyace ka gida aka ba ka abin da mai gidan ya matsa da hannunsa, shi ne girmamawa. Lemon kwalba shi ne abin da ake ɗauka a gidan mai in ana sauri. A kasuwar Kirkgate ta Leeds da shagunan tsakiyar gari, ƙaramin kofin markaɗaɗɗen mangwaro ya ninka kuɗin lemon gwangwani. Ban ce don Turawa suna yi mu yi ba. Cewa nake abin da muke da shi tun asali, muka ajiye don mu yi kama da su, su shi suke biya da tsada.

Ƙarshe dai raba gardama aka yi. Aka sayo katan ɗin, aka kuma haɗa jug biyu na markaɗen aka ajiye a kula da kwalaben soda a gefe. 'Yar yayata ce ta karɓi aikin zubawa, don ta ƙware a karkata kofin. Duk wanda ya shigo sai ta tambaye shi wanne yake so. Dattawa yawanci kwalba suka ɗauka suka sa a aljihun babbar riga. Ƙawayenta kuwa da matan unguwa na jug suka nema, wata ma har ta ɗauki hotonsa kafin ta sha. Kafin la'asar jug biyun sun ƙare, sai da aka sake aika yaro ya hau bishiya.

A watan Disamba ta kira ni ta bidiyo. Sanyin Jos ya sauka, tana cikin rigar sanyi, ni ma ina cikin tawa, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufe Leeds. Mangwaro ya daɗe da wucewa, wanda ta daskarar ma ya narke ya lalace a wani mako da aka yi babu wuta. Sitiroberi ta sayo roba biyu a bakin titi, ta markaɗa da ayaba ɗaya da kindirmo, ta ɗago kofin ta nuna min, ruwan hoda da kumfa a sama. Ta ce sai da ta sa dabino uku don ya fi mangwaro tsami. Daga bayanta na jiyo muryar Hajiya tana cewa a zuba mata rabin kofi kawai, kuma a cika mata da soda.